Sauti Mai Taushi da Amfaninsa ga Barci da Natsuwa

Kunne ba ya rufewa idan mutum ya yi barci. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da sauraren abin da ke kewaye, kuma abin da ya fi tayar da mai barci shi ne canjin sauti ba zato: bugun ƙofa, haushin kare, ko hon ɗin babbar mota a kan titin da ya ratsa Birnin Kudu zuwa Ningi. Sauti mai taushi da ke tafiya bai ɗaya yana cike tazarar da ke tsakanin shiru da irin wannan ƙara, sai ta wuce ba ta firgita kowa ba.

Mutanen Birnin Kudu da Gwaram sun san haka tun kafin zuwan wayar hannu. Da damina, yayyafi a kan rufin kwano da kukan kwaɗi daga fadama suna sa barci ya yi nauyi. Da bazara, fanka tana kawo iska, tana kuma danne hayaniyar maƙwabta. Uwa takan lallashi jariri da waƙar reno da ɗan bubbuga baya a hankali. Duk waɗannan sautuka ne marasa tsalle, masu maimaituwa. Akasinsu su ne duwatsun nan masu amo na kusa da zanen dutse na Birnin Kudu, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bayyana a 1956: idan an buge su sukan yi ƙara kamar ƙararrawa, amon da ke jawo hankali maimakon kwantar da shi.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sautin ɗakin kwana ya wuce desibel 30, kada kuma ƙarar da ke faɗowa lokaci guda ta wuce 45. Wanda zai kunna sautin ruwan sama ko na iska a waya ya rage shi ƙasa sosai, ya ajiye wayar nesa da kai, ya guji kwana da abin saurare a kunne. Jarirai sun fi buƙatar kulawa. Wani bincike da mujallar Pediatrics ta buga a 2014 ya gwada na'urori 14 na sa jarirai barci, ya gano cewa idan an ƙure ƙarfinsu a kusa, dukansu sun wuce desibel 50.

Ga ɗalibi mai shirin jarrabawa, sautin da babu kalmomi a cikinsa ya fi dacewa. Hirar rediyo ko waƙa mai baiti suna gogayya da abin da ido ke karantawa, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya ƙyale magana. Karatun Alƙur'ani kuwa yana da matsayinsa na daban, sauraro da natsuwa yake buƙata.

Wannan dabara tana da iyaka. Sakamakon binciken masana bai zo ɗaya ba, wasu na amfana, wasu sun fi samun barci cikin shiru. Rage hayaniya daga tushenta shi ne kan gaba: a nisanta janareta daga ɗakin kwana saboda ƙararsa da hayaƙinsa mai kisa, a sassauta lasifikar biki idan dare ya yi. Wanda rashin barci ya daɗe yana damunsa, ko yake jin ƙara a kunne ba dalili, ya je ya ga likita, misali a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, domin sauti mai taushi ba ya maye gurbin magani.