Mabiya a Waya, Masu Saye a Rumfa

Jawabin kwamitin gudanarwa a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, Wemtenga, Wagadugu

Iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, direbobi, 'yan kamasho, yaran shago, da baƙinmu da suka taso daga Puytenga, Sinkase, Yamai da Kumasi, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Allah ya maimaita mana.

Akwai maganar da ta fi kowace yawo a tsakaninmu bana, kuma tunda ta taɓa kuɗin asusu, dole mu kawo ta gabanku. Wasu samari sun yi ta zuwa ofishinmu da kwamfuta da takardu masu sheƙi, suna cewa ciniki ya tashi daga kasuwa ya koma Facebook da TikTok, wai ɗan kasuwar da ba shi da shafi nan gaba sai dai a ba da labarinsa. Sun nemi mu ɗebi kuɗi daga asusun taimakon juna mu biya su, su buɗe wa kowa shafi, su saka na'urar da za ta riƙa amsa wa masu saye dare da rana, su kuma koya wa yaranmu kasuwanci ta bidiyo cikin mako biyu. Kwamiti ya saurare su har ƙarshe, ya ce a'a. Ga dalilanmu, don kada wani ya zaci tsoron zamani ne.

Mu ba mu ƙi waya ba. Da ita direba ke gaya mana ya tsallake Paga ko yana nan a layi. Da ita Hajiya ke tura hoton atamfa zuwa Tenkodogo kafin a ɗaure kaya. Orange Money da Moov Money sun rage mana tafiya da kuɗi a ƙugu, kuma duk wanda ya san halin da hanyar Fada da Kancari take ciki ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kan wannan ba mu da ja. Abin da muke tantama a kai shi ne kirarin da ake yi mata.

Na farko, shafi rumfa ce a filin wani. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. A Nuwamban wannan shekara aka yanke intanet na wayar hannu a nan Burkina har kwana takwas, a Janairun 2022 kuma aka toshe Facebook. 'Yan uwanmu na Najeriya sun ga an rufe Twitter wata bakwai, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ba wanda ya shawarci ɗan kasuwa kafin a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda masu sayensa ba su san shi ba sai ta shafi, a irin wannan rana shagonsa a kulle yake, kuma makullin ba a hannunsa yake ba.

Na biyu, kula da mai saye ba saurin amsa ba ne kawai. Ku ɗauka matar da ta aiko da kuɗinta daga Kupela, kaya suka isa ruwa ya taɓa buhu uku. Na'ura za ta ce mata an ga saƙonta, ana godiya. Ita kuwa abin da take son ji shi ne wa zai ɗauki asarar, kuma yaushe. Wannan sai mutum mai suna da fuska, wanda za a iya kai ƙararsa wurin dattawan zango. Kun kuma san abin da ya faru da ɗan uwanmu da ya ga shafi mai dubban mabiya, ya tura kafin alƙalami na wayoyi zuwa wata tashar jiragen ruwa, washegari lamba ta daina shiga. Cinikin biri a sama ke nan. Shi ma wani ƙaninmu da ke alfahari da yawan masu kallon bidiyonsa, da muka ce ya buɗe littafin ciniki, sai muka tarar masu biya su ne dai tsofaffin abokan cinikin mahaifinsa. Sauran sun yaba, sun tambayi farashi, sun wuce.

Na uku, maganar koyarwa, wadda ta fi damunmu domin ta shafi 'ya'yanmu. Yaro na ganin wani a bidiyo jingine da mota yana kirga kuɗi, yana cewa a biya shi ya bayyana sirrin arziki. Ba ya tambayar kansa: in mutumin nan yana da sirrin, me ya sa darasi yake sayarwa? Mu da muka yi yaron shago mun san yadda ake koyo. Shekaru kake yi kana ɗaukar kaya, kana jin yadda maigida ke magana da wanda ya zo a fusace, kana ganin wanda ake ba bashi da wanda ake sallama da fara'a. Kana koyon juya sefa zuwa sidi da naira a ka, da bin takardun duwan ɗaya bayan ɗaya. Sannan a yaye ka da jari da sunan gidan da ka fito. Haka kakanninmu fataken goro suka gada a hanyar Gwanja, kuma mako biyu ba zai haifar da shi ba.

Dattawan da ke zaune a nan sun tuna 2003. A watan Mayu gobara ta cinye Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A shekarar ce kuma aka rushe Zangwetin saboda aikin ZACA, aka watsa gidajen Hausawa cikin gari. Mutane sun rasa rumfa, sun rasa maƙwabta. Amma masu saye sun yi ta cigiya har suka gano inda kowa ya koma, iyayen gida a Kumasi da Lome suka ba da kaya bashi a kan magana. Amana ce ta tashe mu, kuma ita ba ta ƙone ba.

Don haka ga abin da kwamiti ya tsayar. Kuɗin asusu na nan domin wanda motarsa ta faɗi ko kayansa suka maƙale a kan iyaka. Duk Asabar za a buɗe aji a nan Wemtenga: dattawa su koya wa yara lissafi da rubuta littafin ciniki, masu Faransanci su koya karatun takardun duwan, samari kuma su nuna wa iyayensu yadda ake ɓoye lambar sirri da gane saƙon 'yan damfara. Zaurenmu na WhatsApp na farashi ne da labarin hanya kawai, kuma kada a tura abin da ba a tabbatar ba. Kafin kowa ya aika kuɗi ga wanda ya haɗu da shi a waya, ya tambaya: wa ya san shi a cikinmu, ina shagonsa, wa zai tsaya masa?

Su kuma samarin nan, ba mu rufe musu ƙofa ba. Su zaɓi ɗan kasuwa ɗaya da ya yarda, su yi aiki da shi shekara guda, su kawo mana littafinsa a bikin baɗi. In riba ta ƙaru, mu ne za mu fara miƙewa mu yi musu godiya. Gani ya kori ji.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema, ya mai da kowa gidansa lafiya.