Kalmar "Draconian": Mu San Nauyinta Kafin Mu Jefi Wani Da Ita

 

Tun da aka fara rikicin dakatar da wasu 'ya'yan jam'iyya, duk lokacin da na buɗe Facebook sai na ci karo da kalma ɗaya, wato "draconian". Na tambayi wani ƙanena ma'anarta, ya ce min, "Yaya, ai tsauri ke nan." Na ce masa da saura.

Asalin kalmar sunan mutum ne. Dirako ake ce masa, a birnin Atens na ƙasar Girka, wajen shekara ta 621 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kafin zuwansa doka a bakin manya take, mai gata ya juya ta yadda ya ga dama. Shi ne ya fara rubuta wa mutanen garin dokokinsu, har ya raba kisan ganganci da na kuskure. Wannan alheri ne, kada mu danne masa.

Inda gizo ke saƙar shi ne hukuncin. Marubutan Girka sun ruwaito cewa kusan kowane laifi kisa ya yanka masa, har satar kayan lambu da zaman kashe wando. Shi ya sa daga baya ake cewa da jini aka rubuta dokokinsa, ba da tawada ba. Wajen shekara ta 594 Solon ya soke su, ya bar ta kisan kai kawai.

To kun ji. Idan Bature ya kira doka "draconian", yana nufin hukuncin ya fi ƙarfin laifin nesa ba kusa ba. A nan gida, ku tuna Dokar Soja ta 4 ta 1984, wadda da ita aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda saboda labarin da suka buga. Irin wannan ce kalmar ta dace da ita.

Saboda haka, 'yan uwa, idan aka ci mutum tara don ya ƙi zuwa taro, wannan horo ne, ya biya ya yi shiru. Amma idan aka kori mutumin da ya yi shekaru yana wa jam'iyya wahala saboda magana ɗaya, ba takardar tuhuma, ba a saurare shi ba, to a nan ne za mu fito da kalmar, da hujja a hannu. In muka riƙa jefa ta a kowane ƙaramin saɓani, ranar da aka zalunce mu da gaske ba mai saurarenmu.

Mu ma kuma mu duba kanmu. Makon jiya an cire wani yaro daga zaurenmu na WhatsApp don kawai ya tambayi ina kuɗin mota. Ina roƙon a mayar da shi yau, a kuma ba shi amsa.

Allah Ya ba mu ikon yin adalci.