Daga Tsafe Zuwa Mujallun Duniya: Wa Ke Karanta Binciken da Aka Yi a Kan 'Ya'yanmu?

Mai girma shugaban taro, malamaina, 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata da suka taso tun daga Tsafe da Bunguɗu, da ɗalibanmu na nan Gusau, ina yi muku barka da zuwa.

A shekarar 2021, mujallar American Economic Review, wadda masana tattalin arziki ke ƙare rayuwarsu suna burin sunansu ya fito a cikinta, ta buga wata maƙala ta Pedro Carneiro da Imran Rasul da abokan aikinsu. Matan da aka yi nazarin a kansu 'yan ƙananan hukumomi biyar ne, uku a Jigawa, biyu a nan Zamfara, wato Anka da Tsafe. Wasunku za su tuna shirin, wanda ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Ana bai wa mai juna biyu Naira 3,500 duk wata har yaronta ya cika shekara biyu, ana kuma wayar mata da kai a kan shayarwa da abincin yara. Da aka koma bayan shekara huɗu, an tarar tsumburewar yara ta ragu da kashi 8 cikin 100. Abin da ya fi burge ni shi ne inda kuɗin suka shiga. Mata da yawa sun sayi dabbobi sun kama sana'a, nono da ƙwai suka shigo gida, samun ya ɗore bayan an daina biya.

To, ina roƙon duk wanda ya karanta wannan maƙala a zauren nan ya ɗaga hannu. Na ga hannu biyu. Na gode. Iyayenmu na Tsafe kuwa ba sai na tambaye su ba. Su aka auna wa 'ya'ya, su suka zauna a kan tabarma suna amsa tambayoyi har tuwo ya huce, amma amsar tana can cikin Turanci mai cike da lissafi.

Kafin in dawo kan wannan ƙorafi, bari mu duba abin da bincike ya riga ya tabbatar game da abinci da garkuwar jiki. Tun 1968 Nevin Scrimshaw da abokan aikinsa biyu suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a kan yadda yunwa da cuta ke ciyar da juna. Yaron da tamowa ta kama, fatarsa da bangon hanjinsa suna yin laushi, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Akwai wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji, likitoci na kiranta taimus, can ne wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini ke koyon bambanta baƙo da ɗan gida. Idan abinci ya yi ƙaranci sai ta motse. Daga nan gudawa ta shigo, yaro ya ƙi cin abinci, ɗan abin da ya ci kuma hanji ya kasa tsotsewa, ramewa ta ƙaru. Shi ya sa uwa ba ta cewa yunwa ce ta ɗauke mata ɗa, sai ta ce zawo ne ko zazzaɓi ko baƙon dauro. Jerin maƙalun mujallar The Lancet na 2013 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 45 cikin 100 na mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar akwai hannun rashin abinci mai gina jiki a ciki.

Bitamin A da baƙon dauron nan sun cancanci mu ɗan tsaya a kansu. A 1986 Alfred Sommer ya nuna a lardin Aceh na Indunusiya cewa bai wa yara sinadarin bitamin A ya rage mutuwarsu da kusan kashi ɗaya bisa uku. An yi masa ca da farko, wai ina ƙwayar kwabo za ta yi wannan aiki. Yau ita ce 'yar ƙwayar nan ja ko shuɗiya da ake yanke wa baki a matsa wa yaro a ranakun rigakafi. Sai kuma a 2019 Michael Mina ya wallafa a mujallar Science cewa ƙyanda tana goge abin da jiki ya haddace na yaƙi da wasu cututtuka, daga kashi 11 har zuwa 73 cikin 100. Wato yaro ya warke, ƙuraje sun baje, an yi barka, amma ya koma kamar gidan da aka rushe wa katanga.

Wani zai ce tunda an gano duk wannan, me ya rage mana a Gusau ban da mu karanta mu aiwatar? Ga amsata. A 2013 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken Indi Trehan daga Malawi, inda aka ga bai wa yara masu tsananin tamowa maganin kashe ƙwayoyin cuta tare da abincin gyaɗar nan na leda ya ƙara yawan masu warkewa, ya rage mace-mace. Bayan shekara uku, mujallar dai ta buga aikin Sheila Isanaka da aka yi a Madarunfa, jihar Maraɗi, a kan yara kusan 2,400. Magani ɗaya ne, amoksisilin, amma a can bai ƙara yawan masu warkewa daga tamowar ba yadda za a dogara da shi, ko da yake ya rage waɗanda aka tura a kwantar a asibiti. Babu wanda ya yi ƙarya cikinsu. Yaran Malawi da yawa masu kumburi ne, wasu kuma na ɗauke da ƙanjamau, na Madarunfa kuwa ramammu ne irin namu, masu cin gero, masu fama da zazzaɓin damina daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Abincin wani guban wani, in ji magabata. Amsar da aka samo a wata ƙasa sai an sake auna ta da mudun gida.

Mu Zamfarawa ma muna da namu darasin mai ɗaci. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Masu bincike sun tarar ana daka dutsen zinariya a cikin gida, ana niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi. Sanannen abu ne kuma cewa yaron da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, ko wanda cikinsa ke wayam, hanjinsa ya fi saurin tsotse dalma. Abin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka koya a Anka wajen fitar da dalma daga jinin yara sama da dubu an buga shi a PLoS Medicine a 2014, likitocin duniya na amfani da shi. Ɗalibanmu nawa aka taɓa ba su shi su karanta?

Kada mu ɗora wa baƙi laifin duka, namu ya fi yawa. Na taɓa zuwa wata ƙaramar cibiyar lafiya, ba zan faɗi sunanta ba, na nemi littafin rajistar yaran tamowa na shekarun baya. Aka buɗe mini wani ɗaki, ga kwalaye a ƙasa, ruwan damina ya shiga, gara ta yi gini a kai. Na ɗago littafi ɗaya, sai shafukan suka biyo hannuna kamar ganyen kuka. A ciki akwai awon damtsen kowane yaro, wanda ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, da nauyinsa mako-mako, da ranar da aka sallame shi ko ya daina zuwa. Wata ma'aikaciya ce ta cika shi da kyakkyawan rubutu, layi bayan layi. Shirin WINNN ya yi shekaru yana aikin tamowa a ƙananan hukumomi irin su Bunguɗu da Bakura da Shinkafi, don haka irin waɗannan littattafai suna nan birjik. A cikinsu akwai amsar tambayoyin da babu Bature da zai zo ya yi mana: wane wata ne yara suka fi faɗawa, me ke sa uwa ta daina dawowa a mako na uku, yaya lamarin ya sauya tun da rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu.

Sai matsalar inda muke bugawa. Malamin jami'a na neman ƙarin girma, an ce sai ya kawo maƙala kaza. Sai saƙo ya shigo masa ta imel daga wata mujalla mai dogon suna, a turo kuɗi, cikin kwana biyar takarda ta fito, babu masanin da ya duba ta. Mun san wannan, wasunmu mun yi. Irin wannan maƙala tana cika fayil, amma likitan da ke son yanke shawara a kan yaro ba zai iya jingina da ita ba. Gara mutum ya yi shekara yana kai-kawo da masu tace maƙala, su mayar masa sau uku da jan biro, a ƙarshe abin da ya fito ya zama na gaske. Mujallu da dama na kirki suna rage ko yafe kuɗin bugawa ga masu bincike daga ƙasashe marasa ƙarfi, tambaya ce ba mu yi. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura duk suna gari ɗaya, mota ba ta rabin sa'a tsakaninsu. Mai lissafi yana can, mai marasa lafiya yana nan, sai dai su haɗu a wurin ɗaurin aure.

Roƙona ga kwamitocin da ke ba da izinin bincike a jihar nan shi ne su ƙara sharaɗi guda. Duk wanda ya zo ya auna 'ya'yanmu, ɗan gida ne ko baƙo, ya rubuta sakamakon a shafi ɗaya da Hausa, a karanta a rediyo, a kai wa hakimi da ungozomomi da matan da aka yi wa tambayoyin. Ni zan fara da maƙalar Tsafe. Ɗalibai biyu nake nema, ɗaya mai lissafi, ɗaya wanda Hausarsa ta nuna, su same ni a bakin ƙofa idan an tashi. Shugaban taro, na ga kana duba agogo.