AMSAR WASIƘUNKU: Shin Wannan Wahala Sabuwa Ce?

 Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga hannun wani manomi a Ƙaramar Hukumar Kalgo. Ya ce shekara uku ke nan bai cika rumbu ba, in ruwa bai ci shinkafarsa a fadama ba, to fari ya ƙone geron tudu. Yana tambaya, shin kakanninmu sun taɓa ganin irin wannan, ko kuwa duniya ce ta zo ƙarshe? Sa'an nan wani ɗan kasuwa daga Gwandu ya rubuto yana kuka, wai kullum aka shiga tsada su ake zagi da ɓoye hatsi. Za mu haɗa ku mu amsa, don jirgi ɗaya ya kwaso ku.

Malam na Kalgo, Allah ya mayar maka da alheri. Amma sun gani, har abin da ya fi wannan. Garin Gwandu kansa shaida ne. Bayan yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen shekara ta 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun sha yunwa da ciwo ƙwarai, kuma neman abinci da wurin kiwo na cikin abin da ya sa suka yi ta ƙaura, daga Gobir zuwa Zamfara, har suka sauka Gwandu a 1805, shekarar da Malam Abdullahi ya ci Birnin Kebbi. Kun ga ko bayin Allah irin waɗannan ba ta ƙyale su ba.

A zamanin Turawa kuwa har suna aka riƙa sa mata, kamar 'yar da aka haifa a gida. Akwai Kakalaba ta 1914, akwai 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau wajen 1942, da Muɗa wajen 1954, ko da yake kowane yanki da sunan da ya ba tasa. Dattawanmu na tune da farin 1973 da na 1984. Ambaliyar gulbin Rima ta 2010 da ta 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, wannan kam ba sai na gaya maka ba, a idonka aka yi.

To, ga inda nake so ku kasa kunne. Kakalaba ba rashin ruwa kaɗai ya kawo ta ba. Gaskiya ne damina ta ƙi a 1913, amma ai ba ranar aka fara fari a ƙasar Hausa ba. Abin da ya sake shi ne, Bature ya ce haraji da kuɗi za a biya, ba da dami ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, mutane da yawa a can suka ba ta gona. Mai gida ya sayar da hatsin ajiya ya biya haraji, da fari ya zo sai ya tarar da rumbu wayam. Haka aka yi a Bangal ta ƙasar Indiya a 1943, lokacin yaƙin Hitila: fiye da mutum miliyan 2 suka mutu, ba don shinkafa ta ƙare ƙaf ba, sai don kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Watau fari daga Allah yake, amma ƙofar da yunwa ke bi ta shigo gida, sau da yawa da kaka ake buɗe ta.

Ku duba yadda muke yi. Da kaka, hatsi na arha, kowa ya kwasa sai kasuwar Jega: ga biki, ga bashin taki, ga mai son ƙarin aure. Ruwa na sauka, wajen watan Yuli da Agusta, sai mutum ya koma ya sayi geron nan nasa da tsada, ko ya ci buhu ɗaya bashi a kan zai biya biyu. Wanda ya shiga wannan rami, ko damina ta yi kyau, wa wani ya noma.

Dabarar kuwa tsohuwa ce. Kun san labarin Annabi Yusufu, alaihis salam, a Masar: shekara bakwai na yalwa aka tara, aka bar hatsin a zangarniyarsa. Haka kakanninmu ke yi, gero a dami cikin rumbu yana shekaru bai lalace ba, alhali wanda aka sussuke aka zuba a buhu, ƙwari ba su jimawa sun same shi. Saboda haka, Malam, bana in Allah ya ba ka, fara ƙirga cimakar gidanka har zuwa sabon gero, ka ware iri, abin da ya saura shi ne na kasuwa. Kuma kada ka zuba ƙarfinka duka a fadama. Ka raba: shinkafa a ƙasa, gero da wake a tudu, in da hali ka taɓa noman rani.

Kai kuma Alhaji na Gwandu, ba za mu ɗora maka laifin kowa ba. Wanda ya saya da kaka ya ajiye, ya ɗauki hasarar ƙwari da faɗuwar farashi, ya yi wa gari aiki, don in babu irinku hatsin da tuni ya tsallake iyaka ta Kamba. Inda magana take shi ne, maƙwabcinka na kwana da yunwa kai kana jiran mudu ya ƙara kuɗi. Wannan malamai sun hana, kuma ka sani. Ka fitar da zakka tun a masussuka, in ka ba da bashin hatsi ka karɓi abin da ka bayar.

Af, kada in manta, ba kowace masifa ce ke dawowa ba. Ciwon bushiya da ya kashe shanu wajen 1890, ya sake dawowa a 1983, allurar riga-kafi ta gama da shi, har aka ba da sanarwar ƙarewarsa a duniya a 2011.

Lokaci ya ƙure mana. Mai tambaya a kan tsutsar masara, ka yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da wasiƙu. Wassalam.