Maganin Sankarar Maƙogwaro Ba Tare da Rasa Murya Ba



Tun a shekarar 1873, lokacin da likita Theodor Billroth na birnin Biyenna ya fara cire gidan murya ɗungum saboda sankara, majinyacin da aka yi wa wannan aiki idan ya tsira da ransa, yakan wayi gari yana numfashi ta wata kafa a gindin wuya, ba shi da muryar sallama balle ta tilawa.

Yau kuwa, alhamdu lillahi, matuƙar cutar ba ta wuce tantanin murya ba, likitoci kan zura siririn bututu ta baki su yanke ta da hasken leza, ko kuma su yi ta gasa wurin da haske na musamman har kimanin makonni 6, kuma galibin waɗanda aka tarar da wuri sukan warke da muryarsu, ko da ta ɗan dushe.

Sharaɗin dai shi ne gaggawa, alhali mu mun saba jingina dushewar murya ga sanyi, mu yi ta shan zuma da citta. Duk wanda muryarsa ta dushe fiye da makonni 3, musamman mashayin taba, to ya garzaya wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.