Ƙwaron Dutse da Ma'aunin Tsabtar Ruwanmu

Laccar da aka gabatar a Ƙofar Kwaya, Katsina

 

An ce in yi magana a kan wani ƙwaro da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, wanda masana ke kira Plecoptera. Ni zan kira shi ƙwaron dutse, domin a ƙarƙashin duwatsun ƙorama yake yin ƙuruciyarsa. Wani zai ce me ya haɗa Bakatsine da ƙwaron da ba ya garinsu? Abin da ya haɗa mu shi ne, da wannan ƙwaro ake auna tsabtar ruwa a duniya, mu ma ana auna namu da shi.

Ƙwarin da ke rayuwa a ruwa gida-gida ne. Akwai gidan mazari, akwai gidan sauro da ƙudaje, akwai na buzuzun ruwa. Amma gida uku ne masu binciken ruwa suka fi sa wa ido: Ephemeroptera, da Trichoptera, da Plecoptera. Su ne ba sa jure ƙazanta. Ga yadda ake rarrabe su. Ka shiga ƙorama mai gudu, ka ɗaga dutse, ka juya shi. In ka ga wani abu ya yi wa kansa ɗan kube da yashi ko ƙirare ya shige ciki, ɗan Trichoptera ne. In ka ga mai jela uku, da 'yan filafilan numfashi jere a gefen cikinsa, galibi ɗan Ephemeroptera ne. Namu jelarsa biyu, jikinsa a baje, kowace ƙafa da farce biyu da yake maƙale dutse da su don kada ruwa ya tafi da shi. Abin numfashinsa, ga masu shi, 'yan gasu ne a gindin ƙafafu. Daga ƙwai sai ɗan ƙwaro mai yawan saɓa, daga nan sai babba. Idan ya yi fiffike ya fito tudu, yakan shimfiɗa fikafikansa a bayansa kamar yadda shinge ke yi.

An san nau'insa fiye da 3,500 a duniya, an kasa su reshe biyu: Arctoperlaria, wanda ya fi yawa a arewacin duniya, da Antarctoperlaria na Kudancin Amurka da Ostareliya da Niyu Zilan. A Afirka kudu da Sahara zuriya biyu kawai gare mu: Notonemouridae a kudancin nahiyar da Madagaska, sai Perlidae, wadda jinsinta Neoperla ya bazu a ƙasashen zafi har da Nijeriya. 'Ya'yan Neoperla mafarauta ne, ƙananan tsutsotsin ruwa suke ci.

Labarin Neoperla ya isa abin tsayawa a kai. A 1952 wani masani ɗan Ingila, Noel Hynes, ya duba waɗanda aka tattaro daga Afirka, ya ga sun yi kama da juna ƙwarai, ya yanke cewa duk nau'i ɗaya ne, Neoperla spio. Aka daɗe ana tafiya a kan haka. Sai a 2023 Peter Zwick da Andreas Zwick suka fitar da babban nazari, inda suka duba ƙirar ƙwai da al'aurar ƙwarin da ƙwayoyin halittarsu, suka nuna nau'in sun haura 80. Wannan ya nuna mana irin ƙarancin kallon da aka yi wa halittun ruwan nahiyarmu. Kuma abin ya kamata ya dame mu, domin aikin namu ne.

Me ya sa ba ya jure ƙazanta? Yana buƙatar iskar oksijin mai yawa a cikin ruwa. Ruwa mai sanyin digiri 10 yana riƙe kusan miligiram 11 a kowace lita, a digiri 30 kuwa bai kai 8 ba. In aka zuba ruwan kwata da shara, ƙwayoyin bakteriya su cinye sauran. Saboda haka ne ma'aunin BMWP na Birtaniya, mai ba kowace zuriya maki daga 1 zuwa 10, ya ba Perlidae maki 10 cif, jar tsutsar kwata kuwa maki 2.

Yanzu mu dawo gida. Ɗalibi ya fito ta Ƙofar Kwaya, ya kama hanyar Dutsin-Ma ya je madatsar Zobe, ko ya nufi ta Ajiwa ko ta Jibiya, ya ɗebo ƙwari, ya buɗe teburin Birtaniya, bai sami ƙwaron dutse ba, sai ya rubuta cewa ruwan ya gurɓata. Wannan hukunci ba ya tsayuwa. Madatsa ruwa ne kwance, shi kuwa mai gudu yake so. Gulaben ƙasar Katsina kuma na damina ne: daga Yuni zuwa Satumba su cika, da rani sai yashi, har a riƙa tona shi ana neman ruwa. Ƙwaron da ke ɗaukar watanni masu yawa a cikin ruwa kafin ya girma, ina zai zauna? Ƙasarsa ita ce ƙoramun duwatsu masu gudu duk shekara, irin na tsaunukan Jos da Mambila da Obudu. Rashinsa a can alama ce ta ɓarna. Rashinsa a nan yanayin ƙasa ne.

Ba ina wanke ruwanmu ba ne. Duk wanda ya tsaya a bakin rafin Ginzo ya san abin da garin nan ke zubarwa a cikinsa. Abin da nake cewa shi ne, shaidar ɓarnar a nemo ta daga ƙwarin da asali suke nan: yaya yawan 'ya'yan mazari yake a saman gari da ƙasansa, a wane wata 'yan Ephemeroptera ke bayyana bayan ruwan farko, a ina jar tsutsa ta mamaye ko'ina. Afirka ta Kudu ta ga wannan matsala, ta tsara ma'auninta mai suna SASS bisa ƙwarin kogunanta. Mu ma za mu iya.

Kayan aikin ba su da tsada: koma mai ƙananan ramuka, farin faranti, madubin ƙara girma, kwalabe da sinadarin adanawa, sai haƙuri. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan, muna da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Roƙona ga malaman sashen nazarin halittu shi ne, a zaɓi wurare ƙayyadaddu daga Jibiya har Funtuwa, inda gulbin Sakkwato ya samo asali, a riƙa ziyartarsu damina da rani, shekara bayan shekara. A ajiye kowane ƙwaro da sunan wurin da ranar kama shi, kada a zubar bayan ɗalibi ya kare kundinsa. Ku kuma ɗalibai, ku koyi ƙirga jela da farce da idonku kafin ku buɗe teburin kowa.