Katin wasan da ake biya da shi

A shekarar 2021, a Dubai, Ba'amurke Logan Paul ya mallaki katin Pokémon mai suna Pikachu Illustrator a kan dala miliyan 5 da dubu 275. Ku lura da yadda aka biya: dala miliyan 4 tsaba, cikon kuma da wani kati irinsa wanda bai kai shi kyau ba.

Haka masu tara katunan nan ke ciniki a tsakaninsu, kati biyu ko uku a karɓi ɗaya, a cika da 'yan canji. Abin da ya ba su ƙarfin gwiwa shi ne kamfanoni irin PSA na Amurka, masu duba kusurwa da gefe da fuskar kati, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba. Katin da Paul ya karɓa 10 ne, wanda ya bayar kuwa 9. Tazarar maki ɗaya tak ta ci miliyan 4!

Ko da yake ana biya da shi, a ganina kiran irin wannan kati kuɗi akwai ƙari a ciki. Babu babban banki a bayansa, kuma ranar da sha'awar masu saye ta kwanta, farashi zai bi ta.